Sunan da Na Bayar a Maktaba

Kwana talatin da huɗu muka yi ba mu san ko Wada na raye ba. Ɗana ne na fari, makanikin tarakta, yana aiki a wata babbar gona can wajen Dindir. Da faɗa ya iso yankin a farkon damina, mutane suka watse da ƙafa. Wasu suka nufi Hawata, wasu suka bi daji har suka ɓullo nan Gadarif da ƙafafu a kumbure. Ranar ƙarshe da aka ji muryarsa, matarsa Sauda ya kira, ya ce mata sun taso su bakwai, kada kowa ya tada hankalinsa. Daga nan wayarsa ta daina shiga.

Na bi duk inda ake bi. Na riƙa zuwa tasha safe da yamma ina duba fuskar masu saukowa daga lori. Na shiga makarantun da aka sauke 'yan gudun hijira, aji bayan aji, ina ɗaga labulen mutane ina ba su haƙuri. Na sa an yi cigiya a masallatai uku. Wanda duk na tambaya sai ya ce kamar ya ga mai kama da shi, kuma irin wannan amsa ba ta da amfani ga kowa.

A gida, uwarsa Atika ba ta tambaye ni ba ko sau ɗaya. Haka aka rene mu: uwa ba ta nuna damuwa da ɗan fari a gaban mutane, ba ta kuma kama sunansa. Amma ina ganin kwanonta yana komawa madafa yadda aka kawo shi. Sauda kuwa yarinya ce ta yanzu, a fili take kukanta, har 'ya'yanta biyu suka koyi yin shiru idan sun shigo gida. Sauran 'ya'yana mata ne, ɗaya tana aure a Showak, ɗaya a Simsim, damina ta tsare su. Neman ya rage a kaina ni kaɗai.

A bakin unguwarmu akwai maktaba, wato ɗakin karatu na jama'a. Ɗaki biyu ne da rumfa, da darbejiya biyu a gaba. Mai kula da ita Ustaza Asma, 'yar Larabawan cikin gari ce, gajera mai tabarau, ba ta kai shekarun Wada ba. Hausarta ba ta wuce sannu da aiki da ina gajiya ba. Tun da yaƙi ya koro mutane garin nan ta maida wurin gidan kowa. An kafa mata sola a kan rufi, mutane na kawo waya su yi caji. Litinin da Laraba bayan la'asar mata na koyon rubutu. Ran Asabar wani malamin gona yana zuwa ya yi wa manoma bayanin tsutsar riɗi da lokacin feshi. Akwai ranar da take cika wa mutane takardun hukuma, akwai safiyar da take tara yara a gindin darbejiya ta karanta musu labari da muryoyi iri iri.

Ni ban taɓa taka wurin ba. Karatuna na allo ne, shi ma ban yi nisa ba aka ce in ɗauki lauje in bi masu yankan riɗi. Kuma wurin da mata ke taruwa su yi ta dariya da sunan karatu, ban ga abin da zai kai dattijo can ba. Na sha faɗin haka a majalisa, ba a ɓoye ba.

Maiturare ce ta tura ni. Taubashiyata ce, 'yar ƙanwar mahaifina, ta girme ni da shekara biyu, kuma ita kaɗai ce a unguwar nan ke kirana Iro ba tare da Malam ba. Da tsufanta ta shiga ajin matan nan, wai tana so ta karanta lambar maganinta da kanta. Rana ta goma sha biyu ta same ni a ƙofar gida na dawo daga tasha.

"Iro, an gama gadin tashar?"

"Maiturare, yau ba ranar wasa ba ce."

"Wa ya ce wasa nake? Ka je maktaba. Yarinyar nan tana da sunayen mutane a cikin kwamfuta, na asibitoci, na sansani, har na waɗanda aka binne a hanya. Kullum ana turo mata sababbi. Jiya ta samo wa wata mata 'yarta a Kassala."

"A cikin akwati za a samo mutum?"

"Kai da ka nema a wajen akwati, me ka samo?"

Washegari da hantsi na sa rigata na tafi.

Na tarar da layi a ƙarƙashin rumfa, maza a benci ɗaya, mata a tabarma. Rabinsu mutanen unguwa ne, waɗanda suka san ni, suka san mahaifina. Ustaza ta fito da teburinta bakin ƙofa saboda zafi, don haka duk abin da mutum ya faɗa mata kowa na ji. Da layi ya zo kaina ta miƙe ta ba ni kujera, muka gaisa da Larabci, ta buɗe wani babban littafi.

"Sunan wanda ake nema, ya Haj? Sai ka ba ni guda huɗu, nasa da na uba da na kaka da na kakan uba."

"Wada," na ce.

Ta rubuta. "Uba?"

"Ibrahimu. Ni ne."

"Kaka?"

Nan na tsaya. Dole in yi bayani, domin wanda ba namu ba ba zai gane ba. Wada ba sunansa ba ne. An haife shi shekarar da dawa ta yi kyau har aka rasa buhunan zubawa, sai kakarsa ta ce ga Wada ya zo, sunan ya bi shi. Sunansa na yanka kuwa sunan mahaifina ne. Nauyi biyu kenan a kan harshena, na ɗan fari da na uba. Sau ɗaya na taɓa furta shi a kansa, ranar suna, a kunnen liman, shi ma a raɗe. Shekara arba'in da ɗaya kenan. Yanzu ga wata yarinya tana so in ɗaga murya in kama sunan mahaifina a gaban benci cike da mutanen da suka yi sallah a bayansa.

"Malam," na ce.

Ta ɗago kai. "Malam kawai?"

"Malam."

"To. Na huɗu?"

"Umar." Wannan bai yi mini wuya ba. Kakana ne, shi ya taso daga ƙasar Hadeja da ƙafa da niyyar hajji, ya tsaya noma a nan don ya sami guzuri, ya mutu bai ƙarasa ba. Jika kuwa yana da izinin kama sunan kaka.

Ta rubuta Wada Ibrahimu Malam Umar. A raina ban ga na yi ƙarya ba. Daga nan har Dindir duk mai tarakta ya san shi da Wada. Shi kansa in aka tashe shi daga barci aka tambaye shi, Wada zai ce. Na ɗauka kwamfutar nan kamar mai unguwa take, kana kwatanta mata mutum sai ta gane. Mutanen benci ma sun ji abin da na faɗa, babu wanda ya ga wani abu a ciki, domin su ma da haka za su faɗa.

Ta danna ta danna, ta girgiza kai.

"Babu shi yau. Amma jerin yana ƙaruwa kullum. Ka dawo gobe."

Na dawo gobe, na dawo jibi. Ya zama mini aiki, kullum da hantsi. Na ce mata ta riƙa fara dubawa a jerin matattu, in babu shi a can sannan ta duba sauran. Ta ce me ya sa. Na ce mutum ya haɗiye mai ɗacin tukuna. Kowace rana sai ta duba, ta ce, "Babu shi a nan, alhamdu lillahi," sannan ta duba na masu rai, ta yi shiru. Wani lokaci ta gwada rubuta sunan ta wata hanya, Wadda, Wadaa, Widaa, ko wani ma'aikaci ya rubuta shi a karkace. Ina zaune ina kallonta tana wahala da haruffa, kuma ko sau ɗaya bai faɗo mini a rai cewa ni ne na karkata shi ba.

A zaman nan ne na ga abin da wurin yake. Na ga tsohon da ya zo da takardar asibiti ya riƙe ta kife har sati guda, ta karanta masa, ashe cewa aka yi ba shi da komai. Na ga tana raba ƙwayar tsabtace ruwa tana nuna wa mata yadda ake jefa ta a tulu saboda amai da gudawa. Littattafan ma na ga ana ɗauka. Wani baƙo daga Madani, a da malamin makaranta ne, ya zama ba shi da komai sai rigar jikinsa, kullum yana kusurwa da littafi a hannu har a rufe. Ban canza maganata a majalisa ba, amma na daina maimaita ta.

Ana cikin haka Maiturare ta zo ta ce za ta riƙa tafiya da Sauda ajin mata, ko ta rage zaman kuka. Na ce matar da ba a san halin da mijinta ke ciki ba ba ta fita yawon karatu. Maiturare ta buɗe baki za ta fara, sai Atika ta yi magana daga bakin murhu, ba ta ko juyo ba.

"Malam, bar ta ta je."

Tun da abin ya faru ba ta sa baki a komai ba sai ranar. Na bar ta ta je.

Ran Laraba ta kwana talatin da huɗu an wuni ana yayyafi. Bayan la'asar ina zaure ina ɗaure igiyar wani gado da ta saki, sai ga Maiturare ba sallama, takalmanta a hannu, baƙar lakar garin nan har idon sawu.

"Iro, tashi."

Na ji igiyar ta kuɓuce mini. "An same shi a na matattun?"

"Ba a same shi a ko'ina ba tukuna. Ta yaya za a same shi? Tashi mu je, ka kusa kashe mu da kunyarka."

A hanya take ba ni labari, tana haki, tana zamewa, ina riƙo ta. Wai darasin ranar na cika takarda ne. Ustaza ta zana takardar hukuma a allo, ga gurbin suna, ga gurbin sunan miji, ta ce kowace mace ta faɗi nata da baki sannan ta rubuta. Matan Larabawa suka faɗi nasu tar. Da aka zo kan namu, sai kowa ta ja mayafi ta rufe fuska, aka ɓarke da dariya. Ustaza ta ɗauka ita ake yi wa, har ta duba ko alli ya ɓata mata tufa. Ta zo kan Sauda, Sauda ta sunkuyar da kai. Ta ce to in ba za ki faɗa ba, rubuta. Sauda ta yi allo tana yarinya, ta san baƙaƙe. Ta rubuta a ɗan allonta, ta kife shi a cinya.

"Sai Ustaza ta ɗaga ta karanta da ƙarfi," in ji Maiturare. "Ta ce, wannan kuma waye, mijinki na farko? Sauda ta fashe da kuka, matan nan suka kusa shiɗewa. Ni na ce mata, Ustaza, miji ɗaya gare ta, shi ne wanda kike nema kullum da hantsi. Ka ga fuskarta kuwa? Ta ajiye alli ta ce a kira mata Haj yanzu yanzu."

"Ai kowa ya san shi da Wada," na ce.

"Katin da ke aljihunsa ma da Wada ya san shi?"

Tun daga nan har maktaba ta ƙyale ni, abin da ba ta saba ba.

Mun tarar an sallami aji amma babu macen da ta tafi, duk suna tsaye a rumfa. Ustaza na ciki tana zare wayoyin mutane daga caji ɗaya bayan ɗaya, domin hadari ya hana sola cika, wutar ba za ta ɗauki kwamfuta da su ba. Sauda na rakuɓe a jikin kantar littattafai. Ustaza ta ba ni kujera kamar kullum, amma ba ta yi murmushi ba.

"Ya Haj, kwana ashirin da biyu ina neman mutumin da babu shi a duniya."

"Akwai shi," na ce. "Ni na haife shi."

"A takarda babu shi. Asibiti ba ya tambayar me ake kiran mutum a gida." Ta ɗauko allon Sauda ta nuna mini. "Wannan ne sunansa? Abdulmuminu?"

Na rubuta shi a labarin nan ne yadda ya fito daga bakinta, ba daga nawa ba. Na ɗaga kai alamar e.

"Kakan fa? Shi ma ba Malam ba ne, ko?"

"Sunan ɗaya ne."

Ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi, ta mayar. Na ga tana so ta faɗi wata magana, ta haɗiye ta saboda furfurata. Kwamfutar ta ɗauki lokaci kafin ta tashi.

"Fara da na matattu," na ce.

"A'a. Yau ba da shi zan fara ba."

Ta danna. Ba ta jima ba ta matso da fuskarta kusa da gilashin, ta sa yatsa a kan wani layi, ta bi shi a hankali har ƙarshe. Sannan ta karanta, sunaye huɗu cif, shekara arba'in da ɗaya. Wata makaranta ce kusa da Hawata da aka mayar wurin jinya. An kawo shi a keken jaki ba ya cikin hayyacinsa, ƙafar dama a karye, ga zazzaɓi. An ɗauki sunansa daga katin da ke aljihunsa. A gurbin ƙarshe an rubuta cewa ana neman iyalinsa a Gadarif.

"Yaushe aka shigar da shi?" na tambaya.

Ta sake duban layin. "Kwana ashirin da shida da suka wuce."

Wato ranar da na fara zama a kujerar nan, yana ciki. Kullum da hantsi yana ciki, a gabana, tsakanina da shi bai fi kamu ɗaya ba. Maiturare ta dube ni, na jira ta faɗa, ba ta faɗa ba.

"Wannan labarin kwana ashirin da shida ne," in ji Ustaza. "Kada kowa ya yi guɗa tukuna. Akwai lamba a nan, bari mu ji na yau."

Ta kira, bai shiga ba. Ta sake, ya yi ƙara biyu ya yanke. Ta fita rumfa ta ɗaga wayar sama, matan suka dare mata, ta dawo. A karo na huɗu wata mace ta ɗauka, da muryar wadda ta gaji. Ustaza ta buɗe sautin don kowa ya ji, ta yi mata bayani, ta karanta sunan.

"Mai ƙafar?" in ji matar. "Yana nan. Ku dakata in je ajin da yake."

Yana nan. Na riƙe hannun kujera. Muna jin ƙarar silifas ɗinta a kan siminti, da kukan wani jariri, da wani na tari. Sai muka ji ta tsaya ta kira sunan. Shiru. Ta sake kira, ta ɗaga murya. Shiru.

"Barci yake, ga shi can ƙarshen ɗaki, mutane sun cika hanya," ta ce. "Dama haka yake, sai an kira shi sau uku sau huɗu. Mun ɗauka ma zazzaɓin ya taɓa masa kunne."

Maiturare ta sunkuya kan wayar kamar za ta shige ciki. "'Yar nan, kunnensa ƙalau. Ki ce Wada."

"In ce me?"

"Wada."

Matar ta kira sau ɗaya. Daga can nesa muka ji an ce, "Na'am."

Sauda ta zame ta zauna a ƙasa. A rumfa wata ta fara guɗa, wata ta toshe mata baki don a ji. Ustaza ta rufe sautin ta miƙo mini wayar, na kara a kunne.

"Salamu alaikum." Muryar ta sirance, amma tasa ce.

"Wa alaikumus salam. Kai ne?"

"Ni ne, Baba."

"To. Ƙafar ce?"

"Ita ce. Daga kan tirela na faɗo, muna gudu. An ɗaure ta, na fara dafa sanda."

"Kana sallah?"

"A zaune."

"Ita ma sallah ce."

Ya ce an ƙwace wayarsa a hanya, lambobin kowa na ciki, bai haddace ko ɗaya ba. Ya ce sati biyu bai san inda yake ba. Da ya farfaɗo ya ba wani direban lori saƙo, bai sani ba ko ya iso. Na ce bai iso ba. Ya tambayi yara, na ce suna lafiya. Sannan ya ce, "Inna fa?"

"Tana nan."

"An yi wa riɗin noma na biyu?"

"Kai da ke kwance, ina ruwanka da riɗi? In hanya ta sha iska kwana biyu zan zo da kaina. Ga iyalinka."

Na miƙa wa Sauda wayar. Ta karɓa da hannu biyu, ta dube ni. Na gane, ba za ta yi magana da mijinta a gabana ba. Na tashi na fita, na kori matan da ke leƙe a taga.

A gindin darbejiya akwai wani dakali na bulo inda yara ke zama. Na nufe shi da niyyar in gyara takalmi. Na zauna a kan jiƙaƙƙen bulo, ruwa na ɗiga mini a wuya daga ganye. Na yi hamdala ban san adadi ba. Na jima a haka.

Ustaza ce ta fito ta same ni, da babban littafin nan a rungume. Ta tsaya a gefe har na goge fuska, sannan ta zauna a ɗaya ƙarshen dakalin.

"Alhamdu lillahi da ya tsira, ya Haj."

"Allah ya saka miki. Laifin nawa ne, ba naki ba."

"Nawa ma akwai. An haife ni a garin nan, tare da 'ya'yanku na yi makaranta, ban taɓa tambaya ba." Ta buɗe littafin a cinyarta. "Ina so ka saurari waɗannan. Duk mutanenku ne suka kawo, duk ban samu ba. Ka gaya mini wanne ne suna, wanne ne ba suna ba."

Ta fara karantawa. Tanko. Na ce ba suna ba ne, namiji ne da aka haifa bayan mata. Ladi. Na ce haihuwar Lahadi ce. Auta, na ce ƙaramin ɗaki ne. Talle, na ce maraya ne tun yana goye. Dogo, na ce wannan ko ke kin ji. Jamilu, na ce wannan suna ne, bar shi. Tana yi tana sa alama da jan biro. Da muka kai ƙarshe ta ƙirga alamun, goma sha huɗu.

Goma sha huɗu. Na san gidajen tara daga cikinsu.

"To wa zan tambaya?" ta ce. "Uba ba zai faɗa ba, uwa ba za ta faɗa ba, mata ba za ta faɗa ba."

"Ki tambayi ƙanwa, ko aboki, ko kaka in tana da rai. In babu, ki ba mutum takarda da biro ki kau da kai. In bai iya rubutu ba, ki ce ya kawo wanda zai faɗa. Kuma ki shigar da teburin nan ciki. Ba a tambayar mutum irin wannan a gaban benci."

Ta rubuta duk abin da na ce a bayan littafin, kamar wani malami ne ke magana.

"Gobe Alhamis," ta ce. "Za ka zo ka zauna kusa da ni? Kai za su gaya wa abin da ba za su gaya mini ba."

"Ba za su gaya mini ba. Amma na san iyayensu, na halarci sunan yawancinsu. Wanda na tuna zan rubuta miki." Na miƙe. "Tara ɗin nan ba sai gobe ba. Bayan magariba zan bi gidajen."

Maiturare ta leƙo daga rumfa. "Ustaza, ki sa shi a ajinmu mana. Ga wuri kusa da ni."

"Ke ki fara koyon lambar maganinki," na ce. "Kuma kada wadda ta riga ni zuwa gida."

Na bi ta gefen katanga inda laka ba ta yi zurfi ba. Mutane biyu suka tare ni a hanya suna tambaya, na ce musu sai an jima. Na shiga gida na tarar da Atika a bakin madafa, tana tankaɗe garin dawa a faranti, yaran Sauda na zaune kusa da ita shiru. Ta dubi ƙafafuna da laka, ba ta dubi fuskata ba.

"An ga yaron nan," na ce. "Yana wajen Hawata. Ƙafa ce ta karye, an ɗaure. Na yi magana da shi."

Rariyar ta tsaya a hannunta.

"Da bakinsa?"

"Da bakinsa. Ya tambaye ki."

"To," ta ce.

Ta ci gaba da tankaɗe, amma garin a ƙasa yake zuba, ba a faranti ba. Babbar jikar ta ce, "Inna, kina zubarwa." Atika ta ajiye rariyar, ta jawo yarinyar ta ɗora ta a cinya, ta kifa fuskarta a bayanta. Na juya na ba su baya, na ɗauki buta na yi alwala a hankali, domin magariba ta kusa kuma ina da gidaje tara a gabana.

Ina ɗaure takalmi na ji muryarta daga madafa, ta dushe.

"Malam, in za ka tafi Hawata ka gaya mini da wuri. Akwai yajin da zan daka."